In Kyanwar Gida Ta Kama Amai

Ma'aikatan ofis da malaman makaranta sun fi kowa sanin ɓarnar ɓera, domin su ne su ke buɗe akwati su tarar an cinye bangon rajista ko littattafan yara. Tun da aka gane zazzaɓin Lassa a 1969, aka kuma gano cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, ashe ɓarnar ta wuce ta takarda da hatsi. Kyanwa ita ce mai gadinmu, ba albashi ba fansho. Amma ran da ta kwanta ciwo, da yawa daga cikinmu sai mu ce ai mage rai tara gare ta, mu ƙyale ta a gindin rumbu.

To, ba kowane amai ne ciwo ba. Kyanwa takan lashe jikinta ta haɗiye gashi, wata rana ta harar da shi a dunƙule, ta tashi ta ci abincinta garau. Wannan ba kome. Abin tsoro shi ne aman da ya kwana ya wuni bai tsaya ba, ko wanda ke dawowa mako mako har dabbar ta rame.

Sau da yawa mu ne sanadi, kuma da kyakkyawar niyya. Mun ɗauka madara ita ce abincin mage, alhali kuwa yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai zawo da kumburi. Ragowar miya ma da mu ke zuba mata akwai albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata mata jini. Sa'an nan ga tsutsar ciki, wadda ta ke samu daga ɓerayen da ta ke kama mana da kuma ƙuma. Ga shinkafar ɓera da wasu ke barbaɗawa a ɗaki guda da kyanwa, abin da mu dai ba mu ga hikimarsa ba. A gidan tela kuma akwai zare. In ta haɗiye shi yakan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya tafi ya tattare hanji. Wanda ya ga zare ya leƙo ta baki ko ta dubura kada ya ja, domin yana iya yanka hanjin. Aikin likita ne.

Kadan aman bai yi tsanani ba, kyanwar kuma tana yawonta, sai a ɗauke abinci na 'yan sa'o'i, kada ya wuce awa 12. Ruwa kuwa ba a hana shi, sai dai kaɗan kaɗan. Bayan haka a dafa tsokar kaza ko kifi marar ƙaya, ba gishiri ba mai ba yaji, a ba ta cokali guda, a jira a gani. In ya zauna a ƙara. 'Yan ƙanana ba a hana su abinci ko kaɗan. Babba ma kada a bar ta da yunwa, gama kyanwar da ta yi kwanaki ba ci, musamman mai ƙiba, kitse yakan cika mata hanta, ta kamu da shawara.

Akwai gwaji mai sauƙi. A kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta a ɗaga a saki. In ta koma nan da nan, da sauran ruwa a jiki. In ta tsaya a tattare, dasashi kuma ya bushe, to, ƙarin ruwa ta ke bukata, a nufi asibitin dabbobi. Haka kuma in an ga jini a aman, ko ruwa ma ba ya zama, ko abin ya wuce awa 24. Muzurun da ke amai yana yunƙurin fitsari ba ya fita, kada a bari ya kwana, hanyar ce ta toshe, tana kuwa kisa cikin kwana biyu ko uku. Tsohuwar kyanwa mai yawan shan ruwa da rama, a sa likita ya duba ƙoda. Akwai kuma wata annoba mai kashe 'ya'yan kyanwa da amai da zawo, wadda allurar riga-kafi ke tsarewa, ana farawa tun suna da wata biyu.

Abu guda mu ke roƙon masu karatu da babbar murya: kada a ba kyanwa maganin mutane. Hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Asfirin ma haɗari ne sai da umurnin likita. Maganin tsutsa kuwa a karɓo na kyanwa, gwargwadon nauyinta. In za a tafi asibiti, a sa ta a kwando mai murfi, a gaya wa likita ranar da aman ya fara da abin da ta ci, in kuma ana zaton guba ce a riƙa takardar gubar a nuna masa.