Me Ya Sa Kukan Jirgin Ƙasa Bai Kai Zuru Ba?

Duk buhun dawa ko masara da ya bar kasuwar Zuru a bayan mota yake tafiya, domin babu layin dogo ko ɗaya a Jihar Kebbi. Reshen da Turawan mulki suka shimfiɗa daga Zariya ya bi Funtua da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Shi ma siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, alhali sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba ya hawa wancan, sai an sake shimfiɗa daga tushe, kuɗin kuwa yawanci bashi ne.

Nauyin duka sai ya koma kan kwalta. Manyan motoci masu lodi fiye da ƙima suna farfasa hanyar Kontagora zuwa Rijau zuwa Zuru, damina ta ƙarasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara ba ya zuwa sai hanya ta mutu.

Ga kuma tsaro. Ɗan kwangila ba ya kai ma'aikata dajin Danko-Wasagu da kwanciyar hankali, kuma harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya dakatar da layin wata takwas. Na'urorin sigina da tikitin intanet kuwa suna buƙatar lantarki marar yankewa da wayoyin da ɓarayi ba su sare ba.

Tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi ikon gina layin dogo, amma aljihun Kebbi bai kai nan ba.