Keken ƙarfe ko keken kabon: wanne ya dace da hanyarmu?

Makon jiya lokacin tara gardama ta ɓarke a gindin darbejiyar da muke jingine kekuna. Wani abokina ya ga keken tsere a wayar yayansa, wai mutum yana ɗaga shi da yatsa biyu. Babansa ya yi masa alkawarin keke idan ya ci jarrabawa, shi ne ya ce irin wannan zai roƙa, don namu duk tsohon yayi ne. Na tambayi malaminmu na kimiyya, na kuma zauna wurin mai gyaran keke, ga abin da na samo.

Abin da ake gardama a kai shi ne firam, wato sandunan da suka haɗa sirdi da kan keke da feda. Kekunan da muka sani, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, duk firam ɗinsu ƙarfe ne. Kamfanin Raleigh ma ya taɓa samun masana'anta a Kano.

Shi kuwa kabon zare ne. Ana ɗaukar wani zaren roba a gasa shi a wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000 ba tare da iska ta shiga ba, har ya koma kusan kabon zalla, dangin abin da ke cikin gawayi. Kowane sili ya fi gashin kai siranta. Sai a jera shi kamar saƙa, a jiƙa da wani gam mai ƙarfi, a sa a mazubi a sake gasawa. Da irinsa ake yin jikin jirgin sama Boeing 787. A 1986 wani ɗan Amurka, Greg LeMond, ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa a kan keken kabon. Abin da ya ba ni dariya shi ne malam ya ce ƙarfen keke ma akwai ɗan kabon a cikinsa, shi ne ke ƙara masa tauri.

A wajen rashin nauyi babu gardama, kabon ya yi nasara. Firam ɗinsa na tsere bai fi kilo ɗaya ba, kuma har doka aka kafa a manyan gasa cewa kada keke ya gaza kilo 6.8. Keke irin na babana yana kusan kilo 20. Sannan kabon ba ya tsatsa, ƙarfe kuwa idan fenti ya goge damina ta same shi sai ya fara ci.

To amma mu ba tsere muke yi ba. Keken gidanmu da safe yana kawo ni makaranta, da yamma ya tafi ɗebo ruwa, ran kasuwa a ɗaura masa buhun albasa ko shinkafa. Jarka ɗaya mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, biyu kilo 50 ke nan. Wanda ya ɗora wannan, rage kilo biyu a firam me zai amfane shi? Ga shi yawancin kekunan tsere na kabon ba su da wurin ɗaura kariya, balle ka goya ƙanenka.

Sai batun jijjiga, wanda shi ne ya fi damuna saboda hanyarmu akwai yashi da ramuka. Ana cewa ƙarfe yana ɗan lanƙwasawa ya shanye jijjiga, masu kabon ma suna cewa nasu yana shanyewa idan an jera zaren da kyau. Amma abin da ya fi aiki shi ne taya da sirdi. Taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska ƙam ba ta fi shanye rami, kuma ba ta nutsewa cikin yashi kamar siririyar tayar tsere. Na gwada da kaina. Ranar da na buga iska har taya ta yi kamar dutse, kafin in iso makaranta hannuwana sun yi tsami. Washegari na ɗan rage, tafiyar ta yi daɗi. Kada dai a rage da yawa, don rami zai tsinke tif. Sirdin tsofaffin kekunanmu kuma yana da sifirin a ƙasa, na tsere ba shi da shi.

Babban bambanci yana fitowa ranar da aka faɗi. Ƙarfe lanƙwashewa yake yi, mai gyara ya miƙe shi, idan ya karye mai walda ya haɗa, a Gwandu ko Kalgo ko Jega. Kabon ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi, wani lokaci tsagar tana ciki ido ba ya gani, sai ana cikin tafiya ya karye gaba ɗaya. Ba a yi masa walda, domin wuta ƙona gam ɗin za ta yi. Gyaransa sai ƙwararre mai kayan aiki na musamman. Kuɗinsa kuwa ya ninka na keken ƙarfe sau da yawa. A ganina, zuwa makaranta da aiken gida keken ƙarfe ya fi dacewa da mu, na kabon a bar wa 'yan tsere da kwalta mai santsi.

Ga wata dabara ga wanda za a saya wa keke na hannu, don kada a ce masa kabon ne a tsuga kuɗi. Ka tafi da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne. Idan ya manne a firam, ƙarfe ne. Idan bai manne ba, ko alminiyum ne ko kabon. Sai ka duba mahaɗar sanduna: alminiyum yawanci ana ganin tabon walda, kabon kuwa sumul yake, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi ƙararsa kamar ta roba ce.

Abokina dai har yanzu yana cewa na tsere ya fi kyau a ido, wannan kam ban musa ba. Amma ya ce ranar da za su je Birnin Kebbi sayen keken zai ari maganaɗisuna.

Daga wani ɗalibin aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta