Motar da ke bin bayan motar tsere: yadda ake zaɓen ta ja da ta ɗauki

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, don wanda kiwo ko kasuwa suka hana shi zama kusa da rediyo. Tambayar ta fito ne daga samari masu sha'awar tseren motoci a daji, waɗanda babu wani kamfani a bayansu sai aljihunsu: wace irin mota za su saya ta riƙa jan motar tseren, ta kuma ɗauki kayan gyara da bakanike? Na san wani Arɗo zai ce, yaro, ina ruwan makiyayi da tsere? To baba, a yi mini haƙuri kaɗan. Lissafin da mai tsere yake yi kafin ya sayi motar ɗauki, shi ne lissafin da ya kamata Alhajin da ke kai masara Mbaibum ya yi, da wanda ke kai wa garke kanwa da ƙulin auduga a tsakiyar rani.

Manyanmu sun san tseren Paris zuwa Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙirƙiro shi. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, aka ratsa Aljeriya, aka biyo ta Agadas da Yamai, aka isa Dakar a watan Janairu 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka ga Dakar. A 1992 ma tseren ya shigo ƙasarmu. A shekarar an nufi Cape Town ne, aka biyo ta Dirku, Gigimi, Injamena, Sarh da Bouar, aka sauka Yawunde, kuma Hubert Auriol ya ci da Mitsubishi Pajero. A tseren Bandama na Kodebuwa kuwa, a 1972 babu mota ko guda da ta kai ƙarshe. Hanyar Afirka ke nan.

Abin da talabijin ba ta cika nunawa ba shi ne ayarin da ke biye. Kowace motar tsere da kuka gani tana tayar da ƙura, akwai babbar mota a bayanta ɗauke da tayoyi, da giyabos, da injin walda, da bakanikai waɗanda ba sa barci sai tsakar dare. A can ƙarshen ayari kuma akwai wadda Faransawa ke kira motar tsintsiya, aikinta kwashe waɗanda suka mutu a hanya. Masu kuɗi suna da irin waɗannan da yawa. Mai ƙaramin ƙarfi guda ɗaya yake da ita, ita ce garejinsa, ita ce janwensa, ita ce ɗakin kwanansa. In ta mutu, tsere ya ƙare, ko da motar tseren tana nan lafiya lau.

Saboda haka abu na farko ba ƙarfin gudu ake tambaya ba, nauyi ake tambaya. Kowace mota tana da ɗan faifan ƙarfe da kamfani ya maƙala, wani a bakin ƙofar direba, wani a ƙarƙashin bonet. A takardun Faransanci za ku ga PTAC, wato iyakar nauyin motar ita da kayanta da mutanenta. Za ku ga kuma PTRA, iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Mutane da yawa sun shekara goma da mota ba su taɓa duba wannan faifai ba, alhali shi ne asalin maganar.

Bari mu yi lissafi tare, kamar yadda muka yi a shirin. A ce ƙaramar motar tsere tana da kilo 1,200, tirelar da za ta hau kuma kilo 600. Kun ga 1,800 ke nan a baya. Sai mu dawo cikin bodin akori-kurar. Durom ɗaya na gazuwal mai lita 200 ya kai kilo 170, ban da nauyin durom ɗin kansa. Tayoyin safaya huɗu da rim ɗinsu, a sa 80. Akwatin sufana da jak da kayan gyara, 100. Ruwa jarka uku masu lita 20, kilo 60. Mutum uku, 220. Sannan akwai nauyin da mutane ke mantawa da shi, wato wanda hancin tirela ke dannawa a kan bayan mota, shi ma zai kai 150. An doshi 800 ke nan, ba a sa abinci da tabarma ba. Akori-kura irin su Hilux kuwa abin da suke ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba. Ashe motar da ake gani kamar ba komai a cikinta, ta kusa cika.

Ɗan kasuwa ya canza sunayen kayan kawai. Buhun masara goma masu kilo 100, tan ɗaya ke nan, direba da yaron mota ba su shiga ba tukuna. Mun sha ganin akori-kura da buhu ashirin, gindinta na sharar ƙasa, hancinta na kallon sama. Tana tafiya, ba a musu. Amma tayoyin gaba da ke riƙe da sitiyari sun yi sakayau, kuma birkin da aka ƙera don tan uku an ɗora masa huɗu.

Maganar birki ita ta fi tsayar da mu, domin nan ne rai yake. Jan kaya ba wuya, ko tsohuwar Pijo za ta ja idan aka sa mata giya ta ɗaya. Tsayar da shi ne aiki. Tirelar da ba ta da birkin kanta, ƙa'idar masu ƙera motoci ita ce kada ta wuce kilo 750 da kayanta. Adadin nan na 3,500 da dillalai ke faɗa muku a kan sabuwar Hilux, na tirela mai birki ne, kuma ba kowane samfuri ba. Wanda ya taɓa gangaro dutsen Ngaundare zuwa Mbe da kaya ya san abin da nake nufi. Idan ka dafe birki tun daga sama, kafin ka kai rabi ya yi zafi, sai ka ji feda ta yi laushi kamar an taka tuwo. Ana sauka ne da ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Don haka ni dai, a wannan aikin na fi son mota mai giyar hannu. Mai canza giya da kanta tana da daɗi a cikin Garwa, amma man giyarta yana zafi idan tana jan nauyi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma bakaniken da zai buɗe ta a Cholire sai an tona.

Yadda ake loda tirelar ma yana kashe mutane. Nauyi ya fi yawa a gaban tayoyinta, kamar kashi shida cikin goma. Idan ya koma baya, da an ɗan ƙara gudu sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama har ta juya motar da ke janta. Makiyaya kuma ku ƙara da wannan: sa ba buhu ba ne. Buhu inda aka ajiye shi nan yake, amma dabba mai kilo 350 in ta matsa gefe ɗaya a kan kwana, da motar za ta tafi. A ɗaure ta gajere, a sa shinge a tsakani.

To wace mota ke nan? A yankinmu amsar ba ta da nisa, kowa ya ga abin da ke jure hanyar Gijiba zuwa Cholire, da ta Cholire zuwa Rai Buba da damina. Toyota Land Cruiser mai bodi, jerin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, musamman mai injin 1HZ: silinda shida, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta mai yawa. Ba ta da gudu, in ta ja nauyi a hawa sai ka yi ta haƙuri. Amma tana da casis na ƙarfe mai kauri inda za a ɗaure maƙalar tirela, tana da ƙaramar giya ta ƙafa huɗu, kuma famfon manta yana haƙuri da gazuwal ɗin da ba shi da tsabta sosai. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurin da rabin man da ake sha daga jarka da kwalba yake fitowa a bakin hanya. Sababbin injinan dizal na Turai, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu ta Duwala da Kwatano, suna da ƙarfi da tsimin mai, amma ɗigon ruwa ko ƙasa a cikin mai yana lalata musu allurai, kuma kuɗin saitin allurai zai iya cin bijimai.

Sai dai Land Cruiser tana da nata aibin, kuma gara a faɗa. Tsadarta ɗaya. Na biyu, ido yana kanta. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake kira yaƙin Toyota, masu ɗauke da bindiga suka san darajar irin waɗannan motoci. A yankin da zargina da masu satar mutane suka addabi makiyaya, mai sabuwar mota fara sol yana tallar kansa ne. Tsohuwar Hilux mai injin dizal na da, wadda aka kula da ita, ta ishi wanda kayansa ba su wuce lissafin da muka yi a sama ba. Idan kuwa abin da za ka ja ya kai nauyin motarka ko ya fi, to ka bar maganar akori-kura, ka nemi ƙaramin kamyo ka ɗora kayan a kansa gaba ɗaya.

Akwai wata dabara ta masu tsere da ta burge ni. Mai hankali a cikinsu yana sayen motar ɗauki wadda ta yi tarayya da motar tserensa a taya, ko batir, ko fanbel, don safaya ɗaya ta yi aiki biyu. Abin da ya ɗaukaka Pijo 504 ke nan a zamaninta. Ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Pijo a Kaduna, amma abin da ya sa direbobin Yola da Garwa suka riƙe ta shi ne ko a wane ƙauye ta mutu za a sami kayanta. Kafin ka biya kuɗin mota, zaga wurin masu kayan gyara a Garwa ko Tuboro ka tambayi kuloci, da bodin famfon ruwa, da ganyen sifirin nata. In aka ce sai an aika Duwala ko Legas, ka riga ka ji amsa.

Ranar duba motar kuma, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Shiga ƙarƙashinta da tocila. Duba casis ta wajen bayan, inda sifirin ke kamawa, ko an taɓa yi masa walda. Motar da ta sha lodi a nan take tsagewa. Duba lagireto, ka hau da ita tudu da kaya ka ga ko allurar zafi na motsi. Sa ƙafa huɗu a kan ƙasa ka tabbata tana shiga tana fita. A kan kwalta ba a barin irin waɗannan motoci a ƙafa huɗu, yana cin giya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura jan motar da ta kafe, wanda shi ne aikin da motar ɗauki ta fi yi a nan daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da baƙar ƙasar karal ke zama sabulu, mayo kuma ya cika ya rufe radiye. Roƙona ga direbobi da yaran mota: kada a ɗaura igiya ko sarƙa a kan ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela a fizga. An yi shi ne don ja a hankali. In aka fizge shi yana karyewa, ya taso kamar harsashi, kuma gilashin motar baya yake nufa, daidai fuskar direba. Haka bamba, haka sandar sitiyari. Akwai ƙugiya da kamfani ya ɗaure a jikin casis, ita ake nema. A fara da shebur, a kwashe lakar da ke gaban tayoyi, a sauke rabin kaya in ya kama, a rage iskar taya. Masu kallo su ja baya fiye da tsawon igiyar, a kuma jefa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyarta, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa.

Idan kuma injin motar da ake ja a mace yake, direbanta ya sani birkinsa zai yi tauri bayan taki biyu ko uku, sitiyari ma haka, domin injin ne ke taimaka musu. A irin wannan hali sandar ƙarfe ta fi igiya, tunda ita ba ta barin ta baya ta hau ta gaba. Mota mai canza giya da kanta kuwa, ba a janta nesa da tayoyinta a ƙasa, giyabos ɗin zai ƙone. Ɗora ta ake yi. Ruwa kuma, in ya kai inda injin ke shaƙar iska, kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen cikinsa. Bututun nan da kuke gani ya hau gefen gilashi a motocin Sodecoton da na masu gandun Buba Njidda ba ado ba ne. Duk da shi, a sa yaro ya shiga da sanda ya auna, in ruwan yana jan ƙafarsa a kwana a wannan gaɓar.

Takardu a taƙaice: tirelar da ta haura kilo 750 tana bukatar lasisin tuƙi na rukunin E, da fitilun baya masu aiki. Mai tsallaka iyaka kuma ya tabbata inshorarsa ta ambaci tirelar, domin jandarma da duwan ba za su karɓi cewa a haɗe take da motar ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da bakanike a kan yadda ake gane gazuwal da aka gauraya da kananzir ko ruwa tun kafin a zuba shi a tanki. Mai tambaya ya aiko da ita ta hannun wakilanmu na kasuwanni kafin ranar shirin.