Ka Sa Sabon Birki da Kanka? Duba Waɗannan Kafin Ka Ɗauki Mutane

Da zarar kaka ta yi, motocin ƙauye ba su hutawa. Masara da dawa da waken soya suna fitowa daga gonakin ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ana kai su kasuwar 'Yankara, ko Sheme, ko a wuce da su Funtuwa. A lokacin ne birki yake cinyewa da sauri. Gareji yana da nisa, kuɗi kuwa ba su shigo hannu ba tukuna, saboda haka masu mota da yawa sukan sayo fad ɗin birki su sa da kansu a ƙofar gida. Ba mu ga laifin wannan ba, gama aikin ba shi da wuya ga mai hankali. Amma kwance tsohon fad da ɗaura sabo rabin aikin ne kawai. Sauran rabin, watau gwaji da gyaran abin da ya biyo baya, shi ne mutane suke tsallakewa, alhali motar nan ita ce za ta ɗauki matan zumunta zuwa taro, ita ce kuma za ta kai mai naƙuda asibiti.

Abu na fari, kada ka motsa motar sai ka taka birki sau da yawa tana tsaye. Sa'ad da ka tura fistin baya domin sabon fad ya shiga, ka bar rata tsakaninsa da fad. Takun farko zai tafi har ƙasa ba abin da zai kama. Ka yi ta takawa gajere gajere har ka ji ya yi tauri. Idan motar tsohuwa ce, ka sa guntun katako ƙarƙashin abin takawa don kada ya kai ƙasa sarai, domin can ƙarshen masta akwai tsatsa inda robobi ba su saba kaiwa ba, takan kuwa yage su.

In ka yi haka amma har yanzu birkin yana da laushi kamar ka taka soso, to, iska ta shiga. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yakan ƙare wajen matse iska bai kai taya ba. Takan shiga in an kwance tiyo, ko an bar man ya ƙare a gwangwaninsa. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan notin fitar da iska, mai ya fito da kumfa, ya rufe, sa'an nan na ciki ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin a rufe, iskar ta koma ke nan. A yawancin motocinmu ana fara da tayar da ta fi nisa da masta, watau ta baya a dama, sai ta baya a hagu, sai ta gaba a dama, a ƙare da ta gefen direba. A riƙa duba gwangwani ana ƙara mai, kada ya sauka ƙasa.

Akwai wata alama dabam. Birki ya yi tauri, amma in ka riƙe shi minti ɗaya sai ka ji yana nutsewa a hankali. Wannan ba iska ba ce. Ko mai yana yoyo wani wuri, ko robobin masta sun mutu. Leƙa bayan kowace taya ka ga ko ta jiƙe. In ba yoyo, masta ce, wannan kuwa aikin bakanike ne.

Bari mu daɗe kaɗan a kan man birki, gama nan ne ake yin ganganci mafi girma. Muna jin waɗansu suna zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare, su ce ai ya kai su gida. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, mai lamba DOT 4 kuwa sai 230. Mota mai kaya da ta yi ta taka birki a gangara tana ɗumama man ƙwarai, in ya tafasa ya zama tururi, birki ya tafi gaba ɗaya ba sallama. Ban da haka ruwa yana sa tsatsa a fistin. Baƙin mai na inji ya fi ruwa ɓarna, gama yana kumbura dukan robobin birki, sai an canja su duka. Man birki kuma yana shan danshi daga iska. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye a ɗaki ya wuce damina, ƙarfinsa ya ragu. Ka sayi ƙaramin gwangwani a rufe, ka duba lambar da aka rubuta a murfin na motarka.

Idan ka taka birki mota ta ja gefe ɗaya, tambaya ta fari ita ce, ka canja fad na tayoyi biyu ko na ɗaya? Ana canja su dama da hagu tare, ko da ɗayan bai cinye ba. In ka yi haka, sai ka duba sandunan nan biyu da kalifa take zamewa a kansu. Ƙurar rani da taɓon damina na hanyoyinmu suna daskarar da su. A zare su, a goge, a shafa musu girisin birki, amma kada ko ɗigo ya taɓa fuskar fad ko faifan. Fad da ya sha mai sai jefarwa. Ka duba tiyo ma, ko ka murɗe shi wajen mayarwa, ko ka bar kalifa tana lilo a jikinsa lokacin aiki. Bayan tafiyar kilomita biyu ko uku, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowace taya, ba tare da taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana riƙewa.

Ɗan ƙara a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ji ƙarfe yana cin ƙarfe, tsaya nan take. Mai yiwuwa an sa fad a juye, bayansa na ƙarfe yana fuskantar faifai. In sitiyari yana rawa sa'ad da ka taka, sau da yawa datti ne ya shiga tsakanin faifan da mazauninsa, ko an ɗaure notocin taya bi da bi maimakon a tsallake ɗaya a ɗaure na ƙetare.

Sabon fad ba ya kamawa sosai sai ya saba da faifai. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da rana, ba kaya, ba fasinja, ka kai gudun kilomita 50, ka rage zuwa 10, kamar sau goma, sa'an nan ka yi tafiya kaɗan ya huce. Buhu goma na masara tan ɗaya ne, in kuma ka ninka gudu, nisan tsayawa yakan ninka sau huɗu. Masu tsohuwar akori-kura Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika ƙasar nan da su, su tuna birkinsu na baya ganga ce, ba faifai ba. Gyaran gaba bai taɓa shi ba, kaya kuwa a kansa yake. A buɗe gangar a duba lainin, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura ta da baki, domin waɗansu lainin suna da asbestos mai cutar da huhu.

A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Faskari da Sabuwa, ba wanda yake so mota ta tsaya masa tsakanin Sheme da 'Yankara da yamma. Saboda haka ka yi aikin birki da safe, ka gwada shi a ranar, tafiyar kasuwa kuwa ta zama washegari. In fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa, ko ka ga bututun ƙarfe na man birki ya yi tsatsa har yana jiƙewa, kada ka ɗora ko buhu ɗaya. Ka aika a kira bakanike ya zo ya same ta inda take.