Legas ko Kano: A Ina Albashin Mai Zane Ya Fi Auki?

Matasan da suka ƙware wajen zane da kwamfuta, masu tsara tambarin kamfani da fastar talla da fuskar manhajar waya, sukan tsaya a mararraba: su zauna a Kano, ko su nufi Legas? Ɗalibaina kan yi mini wannan tambaya, amsata kuwa ɗaya ce: a duba abin da ke saura a aljihu bayan wata ya ƙare.

Babu musu, albashi ya fi tsoka a Legas. Can ne hedikwatar mafi yawan manyan bankuna da kamfanonin talla, can ne kamfanonin fasaha irin su Paystack suka kafu. Hatta mafi ƙarancin albashin da jihohin biyu suka sanar a 2024 ya nuna tazarar: naira 85,000 a Legas, naira 71,000 a Kano.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Baƙo a Legas zai biya hayar shekara guda dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Wanda ofishinsa ke Lekki amma ƙarfinsa bai wuce ɗaki a Ikorodu ba, zai riƙa ɓata awoyi a cunkoso kullum, kuɗin mota kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023.

A Kano haya da abinci sun fi sauƙi. Ga kasuwar hatsi ta Dawanau a kusa, saurayi kuma kan samu ɗaki a gidansu. Matsalar ita ce kasuwar aikin. Yawancinsa fastar siyasa ce da ta finafinan Kannywood da tallan 'yan kasuwa, waɗanda da dama ke ɗaukar zane a matsayin gyara a kan kuɗin bugu. Farashin kwamfuta da manhajojin Adobe kuwa dala yake bi, bai san Kano ba, bai san Legas ba.

Don haka shawarata ga sabon shiga ita ce, in ya samu gurbi a Legas, ya je ya yi 'yan shekaru don ƙwarewa da sanin mutane, ko da ajiyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya riga ya yi suna kuwa, ya tanadi sola da intanet mai ƙarfi, ya karɓi aikin Legas yana zaune a Kano.