Bashin Bakolori

Duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali a Talata Mafara ya san hukuncin jingina. Idan mutum ya ajiye buhunan shinkafa a wurinka ya karɓi bashi, wa'adi ya cika bai biya ba, kayan ba su zama naka ba. Fiƙihun Malikiyya bai yarda kaya su faɗa hannun mai bin bashi don kawai lokaci ya wuce ba. Ƙara ake kaiwa, alƙali ya sa a sayar, a ba ka haƙƙinka, rarar ta koma ga mai ita. Wanda ake bi ma shari'a ta tsare masa dukiyarsa, balle wanda ke bi.

Manoman Bakolori su ne masu bin bashin, kuma nasu kayan aka riƙe.

A 1974 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a lokacin duk yankin yana cikin Jihar Arewa maso Yamma. Aka gama ginin a 1978. Tafkin ya shanye hekta wajen 8,000 na gidaje da gonaki, aka kwashe mutanen ƙasar Maradun zuwa sabon matsuguni inda ƙasar noma ba ta kama ƙafar wadda suka baro ba. A ɓangaren Mafara da Bakura kuwa, katafila ta shiga gonakin gado tana baje su don noman rani. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kakanni suka bari duk suka sha ƙasa, iyakokin gona suka ɓace. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, magidanci yana kallon gonarsa ba shi da ikon jefa iri. Wanda bai yi shuka ba, me zai zuba a rumbu? Wasu sai da suka ci bashi kafin su ciyar da iyali, alhali su ke bin hukuma.

An yi alkawarin diyya. Ta zo wa wasu a makare, wasu ta zo musu a gutsure, wasu kuma sunansu bai fito a takarda ba sam.

Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin, suka hana ma'aikata da motocin kamfani wucewa. A ganina abin da suka yi shi ne abin da suka gada: riƙe abin da ke hannu har a biya. Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawarin share musu hawaye. Watanni suka shuɗe, biya bai kammala ba, su ma ba su tashi daga hanya ba.

A watan Afrilu, 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu da bindigogi. Harbin bai tsaya a bakin shingen hanya ba, har cikin ƙauyuka irin su Birnin Tudu aka bi mutane, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da suka bi diddigi sun kawo adadin da ya haura 380. Ko da lissafin gwamnatin ne gaskiya, ban san shari'ar da ta halatta jinin mai neman haƙƙinsa ba.

Akwai kuma waɗanda ko maganarsu ba a cika yi ba, wato manoman fadamar da ke can ƙasa da madatsar, har zuwa wajen Sakkwato. Ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu kowace shekara ta ragu, fadama ta soma bushewa, masunta suka rasa kifi, magidanta da dama suka riƙa tafiya cin rani.