Dankalin turawa

Dankalin turawa, wanda masana kimiyya ke kira Solanum tuberosum, tsiro ne da ake nomawa domin 'ya'yan da yake yi a ƙarƙashin ƙasa. Danginsa ɗaya da tumatir, barkono, gauta da taba, kuma ba shi da dangantaka ta kusa da dankalin Hausa mai zaƙi, suna ne kawai ya haɗa su. Asalinsa daga tsaunukan Andes ne da ke Kudancin Amurka, amma Hausawa sun jingina shi ga Turawa saboda ta hannunsu ya iso. Ana noma fiye da tan miliyan 350 a duniya duk shekara, ƙasar Sin ce kan gaba, sai Indiya.

Yanayinsa

Dankalin turawa yana son wuri mai sanyi, kuma yakan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, mafi yawan sauran kuma sitaci, tare da bitamin C da sinadarin fotasiyam. Idan rana ta buge shi ya yi kore, yana tara wani dafi mai suna solanin, shi ya sa ake yanke koren kafin a dafa.

Galibi ba da ƙwayar iri ake shuka shi ba. Manomi yana binne ɗan dankalin ne, ko yankinsa mai ido, sai ya tsiro. Ma'ana kowane tsiro kwafin uwarsa ne. Wannan yana sa nau'i mai kyau ya ci gaba da halinsa, amma kuma idan cuta ta iya kama tsiro ɗaya, za ta iya cinye gonar duka. Yawan amfaninsa a ƙaramin fili da wannan rauni nasa su ne suka fi tasiri a tarihinsa.

Asali da yaɗuwa

Mutanen yankin tafkin Titicaca, tsakanin Peru da Bolibiya, su ne suka fara noma shi, shekaru 7,000 zuwa 10,000 da suka wuce. Sun ƙirƙiro hanyar adana shi: a shanya shi sanyin dare ya daskarar da shi, a tattake ruwan da ƙafa, rana ta busar. Busasshen, wanda suke kira chuño, yana yin shekaru bai lalace ba, kuma daular Inca ta tara shi a rumbunanta.

Mutanen Sifaniya ne suka kai shi Turai a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Da farko jama'a sun guje shi, har a Faransa aka zarge shi da haddasa kuturta. Masu mulki ne suka matsa a noma shi domin maganin yunwa. A 1756 Sarki Frederick na Biyu na Prussia ya ba da umarnin a shuka shi. A Faransa kuma wani masanin harhaɗa magunguna, Antoine-Augustin Parmentier, wanda ya rayu da dankali lokacin da yake fursunan yaƙi a Prussia, ya yi ta tallata shi, kuma a 1772 tsangayar likitanci ta Paris ta amince cewa abinci ne.

A Najeriya ya samu gindin zama a tsaunin Jos zamanin mulkin mallaka, ta hannun Turawan mishan da masu haƙar kuza. Har yau jihar Filato ce ke noma mafi yawansa, musamman Bokkos, Mangu da Barkin Ladi. A Nijar ana noma shi a lambunan tsaunukan Ayar da yankin Bonkoukou.

A abinci da al'ada

Ana dafa shi, a soya, a gasa ko a dama. A Birtaniya soyayyen kifi da dankali sanannen abincin titi ne, a Indiya kuma ana sa shi a miya da cikin samosa. A gidajen Hausawa ana yin fatensa, ana kuma soya shi da ƙwai, musamman wajen buɗa-baki a watan azumi.

A Turai an daɗe ana kallonsa a matsayin abincin talaka. Wani zane da Vincent van Gogh ya yi a 1885 ya nuna iyalin manoma matalauta zaune suna cin dankali a ƙarƙashin fitila. A Andes kuwa abin alfahari ne: akwai nau'o'i fiye da 4,000, kuma Cibiyar Dankali ta Duniya da aka kafa a Lima a 1971 tana adana su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2008 a matsayin shekarar dankali, sannan daga 2024 ake bikin ranarsa kowace 30 ga Mayu.

Yunwar Ayilan da siyasa

Kafin 1845, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ayilan sun dogara ne kacokan ga dankali. Yawancinsu 'yan haya ne a gonakin manyan masu filaye, kuma da yawa nau'i ɗaya suke shukawa mai suna Lumper. A wannan shekara wata cuta mai ruɓar da ganye da 'ya'ya, wadda ƙwayar Phytophthora infestans ke haddasawa, ta shigo ta yi ta cinye gonaki shekara bayan shekara. Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira, akasari zuwa Amurka.

Masana tarihi da dama suna ganin cutar kaɗai ba za ta yi wannan ɓarna ba. Ayilan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, kuma an ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga ƙasar yayin da jama'a ke mutuwa. Yunwar tana cikin dalilan da suka sa Firaminista Robert Peel ya soke harajin shigo da hatsi a 1846, ta kuma ƙara rura wutar neman 'yancin kan Ayilan. A 1997 Firaminista Tony Blair ya amince cewa masu mulki a Landan sun gaza wa mutanen.

A wannan zamani rikicin ya fi karkata ga mallakar iri. A 2019 kamfanin PepsiCo ya maka wasu manoman jihar Gujarat ta Indiya a kotu saboda sun noma nau'in FC5 da ya yi wa rajista domin cibis ɗin Lay's. Ya janye ƙarar bayan ƙungiyoyin manoma sun tayar da jijiyar wuya.

Muhawarar sauya ƙwayoyin halitta

Samar da sabon nau'in dankali ta hanyar barbara yana ɗaukar shekaru goma ko fiye, don haka masana suka koma ga sauya ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaji. Na farko da ya shiga kasuwa shi ne NewLeaf na kamfanin Monsanto, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995. An sanya masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya domin ya kashe ƙwaron da ke cin ganyensa. Manyan masu saye irin su McDonald's sun ƙi shi don tsoron ƙorafin jama'a, aka janye shi a 2001.

A 1998 Árpád Pusztai, masani a Cibiyar Rowett da ke Aberdeen, ya faɗa a talabijin cewa ɓerayen da ya ciyar da wani dankalin gwaji sun cutu. Ƙungiyar masana ta Royal Society ta ce tsarin binciken yana da kurakurai, kuma dankalin bai taɓa shiga kasuwa ba, amma lamarin ya ƙara wa jama'ar Turai shakku. A 2010 Tarayyar Turai ta amince da Amflora na kamfanin BASF, wanda aka yi domin sitacin masana'antu, sai kotun Tarayyar ta soke amincewar a 2013. A 2014 Amurka ta amince da Innate na kamfanin Simplot, wanda ba ya saurin yin baƙi idan ya bugu, kuma yana rage sinadarin akirilamid da ke fitowa wajen suya. Peru, mahaifar dankalin, ta dakatar da noman irin waɗannan tsirrai tun 2011, ta kuma tsawaita dokar zuwa 2035.

A Afirka aikin ya fi mayar da hankali kan cutar da ta halaka Ayilan, wadda har yanzu take addabar manoman Filato da damina. A Uganda an gwada nau'in Victoria da aka ƙara wa ƙwayoyin halitta uku daga dangin dankali na daji, kuma bai kamu ba ko da ba a yi feshi ba. A Najeriya Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa ta yi irin wannan gwaji a killatattun gonaki a Kuru da Bokkos, bisa izinin hukumar kula da lafiyar fasahar halittu da aka kafa a 2015.

Masu goyon baya suna cewa irin zai rage kuɗin feshi da haɗarin guba ga manomi, kuma manyan cibiyoyin kimiyya ba su samu shaidar cewa nau'o'in da aka amince da su sun fi na gargajiya cutarwa ba. Masu adawa, irin su ƙungiyar HOMEF a Najeriya, suna tambayar wa zai mallaki irin, ko za a sanya alama a kasuwa domin mai saye ya san abin da yake ci, da kuma ko hukumomi suna da ƙarfin sa ido. Wasu masana aikin gona kuma suna gargaɗin cewa ƙwayar cutar ta sha karya garkuwar nau'o'in da aka inganta a baya, don haka dogaro ga nau'i ɗaya, kowace hanya aka bi aka samar da shi, yana iya maimaita kuskuren Lumper.